Jitar gwanjo: Abin da muka koya tsakanin Kano da Wusasa

Mu uku ne a ɗakin da muke haya a Samaru, Zariya, kuma dukkanmu 'yan aji biyu ne a jami'a. Akwai wanda muke kira Injiniya saboda fannin lantarki yake karanta, akwai Ma'aji wanda kuɗin cefanenmu ke zama a hannunsa, sai na ukunmu mai riƙe da alƙalamin nan. Babu makaɗi a cikinmu, babu kuma wanda ya gaji kiɗa a gidansu. Amma yau idan kuka shigo ɗakinmu za ku tarar da wata tsohuwar baƙar jita mai tsirkiya huɗu a jingine bayan ƙofa, fentinta duk ya ɗaɗɗaye. Labarin yadda ta zo hannunmu muke so mu ba ku, ƙannenmu 'yan sakandare, domin kafin mu same ta sai da muka kusa zubar da kuɗin da muka yi wata biyar muna tarawa, har zumuncinmu ma ya so ya taɓu.

Abin ya faro ne wani dare bayan mun gama jarrabawar zangon farko. Maƙwabcinmu ya aro wata ƙatuwar sifika, ya sa wata waƙar Bob Marley da muka sha ji a wayoyinmu har mun haddace. Sai ga gilashin tagarmu yana karkarwa, wani amo mai kauri yana dukan ƙirjinmu daga ƙarƙashin waƙar. Muka kalli juna. Ma'aji ya ce, "Kai, wannan kuwa waƙar da muka sani ce?" Injiniya ya yi dariya ya ce ita ce, rabinta kawai muke ji tun da can.

Ya bayyana mana cewa amon nan na jitar bes ne. Tsirkiyarta mafi kauri tana kaɗawa kamar sau 41 ne kacal a cikin daƙiƙa ɗaya, kunnen ɗan Adam kuwa daga wajen sau 20 yake fara ji. Wato amonta yana can kusa da ƙasan abin da kunne ke iya kamawa, kuma 'yar sifikar waya ba ta da girman da za ta tura iskar da irin wannan amo ke buƙata. Daga baya muka gano cewa mutumin da ya riƙa kaɗa wa Bob Marley bes sunansa Aston Barrett. Shekara da shekaru muna jin aikinsa ba mu san yana wurin ba. A daren nan muka kwana da sha'awar mu taɓa wannan abu da hannunmu.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, jitar bes ta yi kama da jitar lantarki, sai dai ta fi ta tsawon wuya da nauyi. Nauyinta kan kai kilo huɗu, tsawon tsirkiyarta kuma daga inda take fara kaɗawa zuwa inda ta tsaya inci 34 ne, kimanin santimita 86. Ana ɗaure tsirkiyoyin huɗu a kan sautukan da ake kira E, A, D da G. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da samfurin da ya karaɗe duniya a 1951. Kafin nan makaɗa suna fama da wata ƙatuwar bes ta katako mai tsawon mutum, wadda ake kaɗawa a tsaye. Aikin bes a cikin waƙa shi ne ta riƙe ƙasa, ta haɗa mai ganga da sauran makaɗa. Yawanci sauti ɗaya ake bugawa a lokaci guda, shi ya sa ɗan koyo ke iya bin waƙa mai sauƙi cikin 'yan makonni.

Kafin mu fara tara ko sisi, mun zauna mun tambayi kanmu me za mu yi da ita. Amsar ba ta da wuya. Ba dandali za mu hau ba, ba kuma faifai za mu yi ba. So muke idan mun dawo daga lakca kanmu ya ɗauki zafi, mu sami abin da za mu ɗan taɓa mu huta, kamar yadda wasu ke buga ƙwallo ko dara. Abin hutu kuwa bai kamata ya ci kuɗin dole ba. Don haka muka kafa doka guda: ba za a taɓa kuɗin makaranta ko na abinci ba, kome daɗin ciniki.

Muka sa kafinta ya buga mana asusun katako. Injiniya yana gyara wa ɗalibai fanka da caja, Ma'aji yana koyar da wasu yara lissafi da yamma, na ukunmu kuma yana buga wa 'yan ajin ƙarshe rubutunsu a kwamfuta. Kowa ya samu sai ya jefa. Bayan wata biyar muka fasa, muka ƙirga Naira dubu 90. Sabuwar bes, ko mafi araha, ta fi ƙarfin wannan kuɗin a shagunan da muka tambaya. Gwanjo ce hanyarmu.

Matambayi ba ya ɓata. Akwai wani ɗan ajinmu da ke kaɗa bes a cocinsu, muka roƙe shi ya ba mu yammaci ɗaya. Ya ɗora tasa a cinya ya ce mana, "Aibin jitar hannu iri biyu ne. Akwai wanda dubu biyu za ta gyara, akwai wanda ko kun ninka kuɗin jitar ba zai gyaru ba. Mai sayarwa ba zai raba muku su ba, ku za ku raba da kanku."

Ya fara da masu sauƙi. Fenti da ya ɗaɗɗaye ba ya taɓa amo ko kaɗan. Tsirkiya mai tsatsa ana canzawa. Idan aka murɗa maɓallin ƙara sauti aka ji ƙarar ƙaf-ƙaf, yawanci datti ne. Idan ramin da ake soka wayar amfilifaya yana rawa, sauti yana zuwa yana ɗaukewa, aikin dalma ne na minti goma a wurin mai gyaran rediyo. Ya nuna mana waɗansu baƙaƙen abubuwa a ƙarƙashin tsirkiya da ake kira fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Su ne ke mayar da kaɗawar tsirkiya ta zama lantarki. Ya ce a jona jitar, a ɗan ƙwanƙwasa kowanne da makulli. Idan aka ji ƙas a sifika, yana da rai.

Sannan ya zo kan wuya, ya ce a nan ran jita yake. Tsirkiyoyin nan huɗu suna jan wuyan da ƙarfin gaske dare da rana, shi ya sa ake ɓoye sandar ƙarfe a cikinsa, wadda ake ɗaurewa ko a sassauta da ɗan makulli mai kusurwa shida. Ya koya mana mu ɗaga jitar, mu rufe ido ɗaya, mu leƙa tsawon wuyan daga kai zuwa jiki, kamar yadda kafinta ke duba katako. Idan ya ɗan lanƙwasa gaba kaɗan, daidai ne, sandar ƙarfen za ta daidaita shi. Idan kuwa ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, to a ajiye a yi gaba. Haka nan idan akwai tsagewa a kai ko a inda wuya ya haɗu da jiki, ko kuma sandar ƙarfen ta ƙi juyawa.

Gwaji na ƙarshe shi ne na ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuyan, waɗanda makaɗa ke kira firet. Ya ce a danne tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe a lokaci ɗaya, a duba tsakiya: ratar da ta rage kada ta wuce kaurin katin cajin waya na takarda. A sake ta, a duba tsayinta a firet na 12: milimita biyu zuwa uku ya isa, idan ya zarce haka da yawa yatsu za su sha wuya. Daga nan a bi kowace tsirkiya firet bayan firet ana bugawa, ana sauraron inda za ta yi zizar ƙuda ko ta mutu. Ya ƙara da cewa wasu bes ɗin suna amfani da batir mai bolt 9 a ciki, mu da wasa za mu yi gara mu nemi marar batir. Muka rubuta duk wannan a bayan littafin lakca.

Mun zaga Sabon Garin Zariya sau biyu ba mu dace ba. Sai muka yanke shawarar zuwa Kano, wai zuwa da kai ya fi saƙo. Wata Asabar da sassafe muka hau mota a Kwangila, muka sauka a Unguwa Uku, muka shiga A-daidaita-sahu zuwa Bata. Tun kafin mu ga jita ko ɗaya dubu goma ta tafi, muka ware wata goman ta komawa. Muka shiga layukan Sabon Gari inda ake sayar da sifikoki da kayan kiɗa, shago bayan shago. A na biyar ko na shida muka gan ta a rataye.

Ja ce wur, tana sheƙi kamar sabuwar mota, ga sunan Fender ɓaro-ɓaro a kanta. Mu biyu, Ma'aji da mai wannan rubutu, nan take duk abin da aka koya mana ya bi iska. Mun riga mun fara hango hoton da za mu ɗauka da ita. Mai shagon ya sauko da ita ya ce dubu 95. Muka taya 60, ya ce albarka. Aka yi ta ja har ya tsaya a 85, ya rantse ba zai rage ko Naira ba.

"Samari, wannan ba ta kwana," in ji shi. "Ɗazu wani ya taya, ya ce gobe zai dawo da kuɗi."

Injiniya ya ce, "Oga, a jona mana ita mu ji muryarta."

"Babu wuta. Janareta kuma babu mai. Ai ido ma ya isa shaida."

Dubu 70 ce a hannunmu, saura 15. Sai Ma'aji ya ja mu gefe ya yi ƙasa da murya. Akwai kuɗin rajistarsa na sabuwar shekarar karatu a asusunsa na banki. Mahaifiyarsa ce ta sayar da akuyarta ta cika masa su. Ya ce zai tura 15 daga ciki, kafin a buɗe rajista mun mayar. Mai wannan rubutu ya gyaɗa kai, ya ce ai aro ne. Dokar da muka kafa da bakinmu, ga shi muna neman hanyar zagaye ta a tsaye a bakin shago.

Injiniya bai ce uffan ba. Ya ɗauki jitar, ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa, ya rufe ido ɗaya. Ya daɗe yana leƙe. Sannan ya miƙo mana ya ce mu duba da kanmu. Wuyan a murɗe yake. Gefen babbar tsirkiya ya tashi, ɗaya gefen ya kwanta, ko makaho ya shafa zai ji. Ya danna firet na bakwai ya buga, tsirkiyar ta yi wata 'yar ziza ta mutu. Ya sa farce a gefen sunan da ke kan jitar, sai ga shi yana ɗagowa. Sitika ce aka manna. Mai shagon ya karɓe abinsa yana cewa haka suke zuwa daga Turai.

Kuna tsammanin da muka ga haka mun haƙura? Ina! Son abu kan rufe ido. Muka ce ai wasa za mu yi da ita, ɗan murɗewa ba zai hana ba. Muka ce mun riga mun kashe kuɗin mota, kunya ce mu koma hannu rabbana. Muryoyi suka fara tashi har masu wucewa suna waiwaye. A ƙarshe Injiniya ya ce, "To ku ba ni kasona, ku sayi abarku. Amma ba da kuɗina za a ci akuyar Umma ba." Ba tare da kasonsa ba cinikin ba zai yiwu ba. Haka muka fito.

Daga Kano har Zariya babu wanda ya yi wa wani magana. Dubu 20 ta tafi a titi, babu jita, babu ko hoto. Kwana uku kowa yana dafa tasa taliyar a ɗaki ɗaya. Har an fara maganar a raba sauran kuɗin kowa ya kama gabansa. Mako biyu bayan nan aka buɗe rajista, kuma a wannan watan iyayen yaran da Ma'aji ke koyarwa ba su biya shi ba, aikin buga rubutu ma ya tsaya. Da mun ɗauki dubu 15 ɗin nan, babu inda za mu samo ta a kan lokaci. Ranar da Ma'aji ya gama rajistarsa ya shigo da awara a leda, ya ajiye a gaban Injiniya, ya ce, "Mutumina, ci." Ba a sake tayar da maganar ba.

Wata guda ya wuce. Injiniya ya je sayen dalma wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwar Samaru, hira ta kawo labarin tafiyarmu Kano. Mutumin ya yi dariya ya ce mun tsallake abu a ƙofar gida. Ya ce kayan kiɗa na hannu masu kyau ba kasafai suke kaiwa shago ba, suna ƙarƙashin gadajen tsofaffin makaɗa da ɗakunan ajiyar coci-coci da na masu ba da hayar sifika. Ya kwatanta mana gidan wani dattijo a Wusasa wanda ya taɓa kawo masa gyaran amfilifaya.

Muka same shi a zaune a inuwar dalbejiya. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka faɗi wanda ya turo mu. Ya ce a zamanin da su Bala Miller ke tashe a Kaduna, shi ma yana kaɗa bes a ƙananan ƙungiyoyi duk ƙarshen mako, daga baya ya koma yi wa coci. Yanzu ciwon gaɓɓai ya riƙe masa yatsu. Ya aika jikansa ya jawo wani abu naɗe da tsohon zane daga ƙarƙashin gado.

Da aka warware, gabanmu ya faɗi. Baƙa ce, fentin ya ɗaɗɗaye a gefuna har katako ya fito. Maɓalli ɗaya ya ɓace, sai tsinin ƙarfensa. Tsirkiyoyin sun yi baƙi ƙirin. Sunan kamfanin ma ya goge, ba ya karantuwa. Idan aka jera ta da jar nan ta Kano, ko kallo ba za a yi mata ba. Amma wannan karon mun zo da littafinmu. Injiniya ya ɗaga ta ya rufe ido ɗaya, muka karɓa ɗaya bayan ɗaya muka leƙa. Wuyan a miƙe yake sak, sai ɗan lanƙwasa gaba irin wanda aka ce mana ba laifi ba ne. Babu tsagewa ko ɗaya.

Dattijon ya kwashe da dariya. "Yarana, wa ya koya muku wannan?"

"Baba, wahala ce ta koya mana," in ji Ma'aji.

Ya sa aka fito da tsohuwar amfilifayarsa aka jona. Sauti yana zuwa yana ɗaukewa, sai an riƙe wayar da hannu. Tun kafin mu tambaya shi da kansa ya lissafa mana aibobinta: ramin waya yana son dalma, maɓalli ɗaya yana ƙara, tsirkiyoyin sun fi jikansa shekaru. Muka ƙwanƙwasa fikof da makulli, ya amsa. Muka bi firet ɗaya bayan ɗaya a kan tsirkiya huɗun, muka sami 'yar ziza a wuri biyu kawai. Ya ɗauko ɗan makullin sandar wuya ya juya ta kaɗan a gabanmu, ta juya ba gardama. Duk abin da ke damunta yana cikin jerin masu gyaruwa.

Sai ya ce a miƙo masa. Ya ɗora ta a cinya, jikansa ya riƙe wayar, ya buga sauti huɗu kacal yana maimaitawa a hankali, da yatsun nan nasa da suka kumbura. Kwanon da ke kan tabarma ya fara karkarwa. Shi ne amon nan da ya daki ƙirjinmu a daren farko. Ya tsaya ya ce, "Mai bes ba ya gaggawa. Kowa na iya ruɗewa a cikin kiɗa, ban da kai."

Ya ce dubu 50. Muka ce, "Baba, a duba mu, ɗalibai ne," muka taya 40. Ya yi shiru, sannan ya ce mu kawo 45, ya haɗa mana da makullin. Ya ja mana kunne kada mu bar ta a rana ko a jikin bango mai zafi, kuma idan hunturu ya shigo mu riƙa duba wuyan, domin busasshiyar iska tana tsotse katako. Ya ce idan za mu juya sandar ƙarfen kada mu wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, mu bar ta ta kwana kafin mu ƙara. Muka yi godiya, muka naɗe ta a zanenta muka hau babur.

Gyaran bai ci mu da yawa ba. Mai rediyo ya yi dalma ya wanke maɓallan, ya samo mana murfin maɓalli daga wata matacciyar rediyo, duka a kan dubu biyu. Muka sayi wayar jonawa dubu huɗu. Sababbin tsirkiyoyin bes suna da tsada, don haka muka bi wata tsohuwar dabarar makaɗa: muka kwance su, muka naɗe, muka tafasa su a ruwa na kamar minti 15 don dattin yatsu da maiƙo su fita, muka shanya har suka bushe sarai. Maƙwabcinmu ya leƙo da cokali a hannu yana zaton Indomie ce. Da muka mayar da su amon ya washe. Ba su zama sababbi ba, amma sun ishe mu. An ma san wani shahararren mai bes na Amurka, James Jamerson, da barin tsirkiyoyinsa shekaru ba canji, saboda amon tsofaffin ya fi yi masa.

Akwai abin da ba mu lissafa da kyau ba tun farko, kuma muna so ku lissafa: bes ba ta da murya sai da amfilifaya. Idan ba a jona ta ba, da ƙyar na kusa da kai zai ji. Ba a kuma jona ta a ƙaramar sifikar rediyo a ƙure sauti, domin amonta na iya yaga sifikar. Sauran kuɗinmu dubu 19 bai isa ba. Wata uku muka yi muna jingina kan jitar a jikin ƙofar kabad ɗin katako idan dare ya yi shiru. Katakon sai ya ɗauki kaɗawar ya ƙara mata ƙarfi, har a ji ta a ɗaki. Da haka muka koyi waƙoƙinmu na farko, kafin mu cika kuɗi mu sayi 'yar amfilifayar hannu mai wat 15.

Yau kusan shekara guda ke nan. Har yanzu babu gwani a cikinmu. Muna iya bin waƙa biyar ko shida, yatsunmu sun yi kanta, kowa yana da rabin awarsa bayan sallar isha'i. Idan jarrabawa ta matso, Ma'aji yana kulle wayar jonawa a akwatinsa sai an gama. Wani lokaci ɗan ajinmu na coci yakan biyo ya gyara mana riƙo, wani lokaci kuma mukan kai wa Baba na Wusasa ziyara da lemo, ya saurari abin da muka koya ya girgiza kai ya ce har yanzu muna sauri.

Idan a cikinku akwai mai sha'awar bes, ko jita, ko ma keke ko waya ta hannu, ga abin da muka ɗauko daga wannan tafiya. Ku fara sanin me za ku yi da abin, domin shi zai gaya muku iyakar kuɗin da ya cancanta. Ku nemi wanda ya san kan abin ya nuna muku aibin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa, ku rubuta, ku tafi da takardar. Kada ku biya kuɗin abin lantarki da ba a kunna a gabanku ba. Ku tambayi masu gyara kafin masu shago. Mai ƙananan hannu ya nemi bes mai gajeren wuya, akwai ta inci 30. Ku sanar da iyayenku tun kuna tara kuɗin, kada su gan ta kwatsam a ɗaki. Sannan ku tafi kasuwa da abokin da zai iya ce muku a'a ko da za ku yi kwana uku ba ku yi masa magana ba.

Da aka yi hutu, Ma'aji ya ba mahaifiyarsa labarin duka, har da abin da ya so ya yi a bakin shagon nan na Kano. Ya ce ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Da ka taɓa kuɗin nan, duk ranar da kuka kaɗa jitar kukan akuyata za ku riƙa ji." Ta kuma ba shi ƙullin ƙuli-ƙuli ta ce ya kai wa Injiniya.